Birkin Hannun da Armiya'u Ya Sa Aka Kashe

Akwai wani mutum a Ƙauran Namoda mai suna Armiya'u, ɗan farin Malam Mahmuda, malamin da ke karantar da fiƙihu a zaurensa can bayan tashar jirgin ƙasa. Da aka ba Zamfara jiha aka buɗe ma'aikatu a Gusau, Armiya'u na cikin waɗanda suka samu aiki tun da wuri. Mutum ne mai kyauta da fara'a, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Aibinsa guda ne: ba ya iya jure a yi masa dariya. Ko a wasa aka yi, sai ya kwana da abin a rai.

Yana da ƙane, Sanusi, malamin firamare, wanda ya ɗauki maganar yayansa tamkar yankan wuƙa. In Armiya'u ya ce abu fari ne, Sanusi ba ya sake dubawa.

A shekarun nan ne aka ƙaddamar da shari'a. Aka rufe gidajen kallo, makaɗa suka rataye gangunansu, biki ya koma shiru. Samari kuwa ba sa rasa abin yi. Sai suka mayar da ƙawar biki kan babura. Ranar ɗaurin aure abokan ango su jeru, a wanke babura su yi ƙyalli, a shiga garin amarya ana ƙara wuta. Wanda baburinsa ya fi tsawa, shi ake labari har mako ya zagayo.

Wata Alhamis Armiya'u ya je kasuwar Shinkafi, ya tarar an yi cincirindo a kan wani babur da wani Bamaraɗe ya kawo daga Kwatano. Ja ne, ƙirar Japan, an lulluɓe gabansa da roba mai sheƙi, kansa a sunkuye kamar rago zai yi karo. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa a ƙasar nan.

Bamaraɗen ya yi masa bayani dalla-dalla. Silinda huɗu gare shi, alhali baburan 'yan kabu-kabu ɗaya suke da ita. Giya shida. Yana shan ruwa a lagireto kamar mota, kuma ba a buga masa ƙafa, maɓalli ake dannawa ya tashi. A giya ta ɗaya kaɗai yana wuce iyakar gudun ƙaramin babur. Malejinsa ya haura ɗari biyu da sittin. Nauyinsa ya fi buhun gero biyu. Tayar baya faɗinta ya kusa tafin hannu biyu.

Sai mutumin ya durƙusa ya nuna masa faifan birki biyu manya da ke manne da tayar gaba, ya nuna ɗan ƙarami guda a baya. Ya ce masa wannan babur da hannu ake tsayar da shi, birkin ƙafa ɗan rakiya ne kawai. Ya ce ya nemi fili ya riƙa koyon matsa birkin a hankali, da yatsa biyu, har hannunsa ya saba.

Armiya'u ya ce ya ji. Amma idonsa na kan maleji.

Ranar da ya shigo Ƙaura da shi, masu ɗinki suka bar kekunansu, masu awo suka bar mudu. Kukansa ba irin tatata ɗin da aka saba ba ne. Wani gurnani ne da ake ji a ƙirji kafin kunne ya ji, in an murɗa totur ya koma kururuwa. Tsofaffi suka riƙa neman tsari. Samari suka riƙa shafa tankin.

Bai yi mako da shi ba abin ya faru. Da la'asar sakaliya ya nufo majalisar abokansa da ke bakin kasuwar hatsi, wurin da yashi ya kwanta a gefen kwalta. Ya zo da ɗan gudu don a gani. Da zai tsaya, sai ya damƙe birkin hannu da dukan yatsunsa, yadda ya saba yi wa tsohon baburinsa mai sakakkiyar waya. Tayar gaba ta kafe nan take, ta zame a yashi, babur ya kwanta, shi kuma ya yi gaba ya dira a gaban mai tallan rake. Hula ta yi nata wuri, takalmi ɗaya ya faɗa kwata.

Bai ji ciwo ba, sai 'yar ƙurjewa a gwiwar hannu. Da jama'a suka tabbatar lafiyarsa lau, sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce ashe dokin bai san maigidansa ba. Wani ya ce a kawo masa jaki ya fara da shi. Sai da mutum uku suka taru kafin aka ɗaga baburin.

Armiya'u ya yi murmushin yaƙe, ya kaɗe rigarsa. Amma maganar jakin nan ta zauna masa.

Da ya bi shawarar Bamaraɗe, da sai ya fita filin makaranta ya riƙa tafiya a hankali yana tsayawa, yana sake tafiya, kamar sabon ɗan koyo. Kowa zai gani. Wannan kuwa shi ne abin da zuciyarsa ta ƙi. Sai ya gaya wa kansa laifin birkin ne.

Ku kuma sani, a wancan lokaci duk ɗan kabu-kabun Ƙaura ya yarda birkin gaba makashi ne. Hanyoyin unguwa yashi ne, baburan marasa nauyi ne, birkin ƙafa ya wadatar. Da an sayi sabo, abu na farko shi ne a kai wa bakanike ya sassauta wayar birkin gaba har ta daina kamawa. Haka kowa ke yi, kuma ba su ga ta'adi ba, don gudunsu bai taka kara ya karya ba.

Washegari da sassafe, kafin a fara taruwa, ya tura baburin garejin Shu'aibu bakanike. Shu'aibu ya zagaya shi, ya leƙa, ya ce shi bai ga waya ba, wannan da mai yake aiki kamar na mota. Ya ce bai taɓa kwance irinsa ba, amma in an tsiyaye man ai dole ya daina kamu. Ya tambaya ko a cire mariƙin gaba ɗaya.

"A'a, bar shi inda yake," in ji Armiya'u. "Kuma maganag ga ta tsaya tsakanina da kai."

Shu'aibu ya kwance tiyo, mai ya tsiyaye cikin gwangwani, ya mayar ya ɗaure. Daga waje ba abin da ya canja. Faifan nan biyu na ƙyalli kamar kullum, mariƙin na nan a wurinsa. Sai dai in an matsa shi, ya tafi salalo har ya taɓa roba, ba abin da zai tare shi.

Kwanaki suka wuce lafiya. A cikin gari birkin ƙafa na isarsa. Dariya ta lafa, yabo ya dawo. Ya riƙa zuwa Gusau aiki ya dawo kafin abincin rana ya huce, yana ba da labarin motocin da ya wuce kamar suna tsaye.

Sau ɗaya Allah ya nuna masa. A hanyar Shinkafi ne, ya buɗe wuta a wani miƙaƙƙen wuri, sai jaki ya fito daga gona ya tsaya a tsakiyar kwalta. Ya taka birki. Tayar baya ta yi ƙara, gindin babur ya shiga wutsil-wutsil, gudun kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Jakin ne ya ga dama ya matsa. Da baburin ya tsaya, Armiya'u ya waiwaya, ya ga jakin can baya ya zama ɗan mitsitsi, ga baƙin zanen taya a kwalta dogo kamar igiyar rijiya.

Ya daɗe zaune a gindin wata tsamiya. Ya ƙudura zai koma wurin Shu'aibu a mayar da mai. Amma da ya iso gari aka tare shi da kirari, sai ya ce bari dai a gama bikin Sanusi tukuna. Ba ya son ya shiga taro da birkin da ya taɓa kayar da shi.

Bikin kuwa ya ƙarato. Sanusi zai auri Mardiyya, 'yar wani limami a Gurbin Bore, can gaba da Zurmi. Kaka ta yi, an cire gero, dawa na tsaye ta fi mutum tsawo. Aka sa ɗaurin aure ranar Asabar bayan azahar.

A majalisa ne Armiya'u ya yi alkawarin da ya zama ajali. Masallacin unguwarsu na yin azahar da wuri, na ƙauye kuwa sai rana ta ɗan karkata. Ya ce dattawa da abokan ango su tafi tun da hantsi. Shi da ango za su yi azahar a Ƙaura, kuma su iske ɗaurin aure a Gurbin Bore kafin a shafa fatiha. Aka yi ta gardama, wasu na cewa ba ta yiwuwa, shi kuwa yana dariya. Kafin magariba labari ya gama unguwa.

Mahaifiyarsu Balaraba ta ji. Armiya'u ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta doguwar magana da shi, haka aka tarbiyyantar da ita. Don haka sai ta kira Sanusi ɗakinta. Ta ce ita tun ranar da abin nan ya shigo gidan, in ya yi kuka kajinta ke ɓuya ƙarƙashin rumbu, ita ma gabanta ke faɗuwa. Ta ce ya bi motar mahaifinsa, ai ango ba a sanin darajarsa da ƙara.

Sanusi ya yi dariya ya riƙe hannunta.

"Inna, in wani na za ya ɗauke ni, da na bi maganarki. Amma Yaya na hwa. Yaushe Yaya za ya kai ni inda zan cutu?"

Daga baya ta ce ya faɗa wa wancan ya tafi a hankali. Armiya'u na tsakar gida yana jin su.

Ranar Asabar da hantsi motar dattawa ta tashi, Malam Mahmuda a gaba, goro da alewa a baya, abokan ango na biye a ƙananan baburansu. Gida ya rage sai mata da 'yan'uwan nan biyu.

Sanusi ya fito cikin farar shadda, yana ƙamshin turare, ya tarar yayansa na goge tanki. Ya zagaya baburin yana sha'awa, ya kama kan, ya murɗa totur a wasa, sai ya matsa mariƙin birki. Ya ji ya tafi fayau. Ya sake matsawa.

"Yaya, wanga birki lahiya yake? Na ji shi kamar babu komi ciki."

Armiya'u bai ɗago ba. Tsumman na hannunsa, yana ta goge wurin da ya riga ya goge. Kalma biyu ta isa a lokacin nan. Da ya faɗe ta, da Sanusi ya yi dariya ya ce to a tafi a hankali, ko su nemi mota a tasha. Amma da an ji a majalisa.

"Haka ƙirarshi take," in ji shi. "Sai injin ya tashi yake kamawa."

Sanusi ya gyaɗa kai, ya ce lalle Turawa da Japanawa sun yi nisa.

Suka yi azahar. Suka tattare riguna suka cusa a ƙarƙashin cinya, suka danna huluna a aljihu. Sanusi ya hau ɗan tudun kujerar baya, ya rungume yayansa. Balaraba na tsaye a bayan ƙyaure, ba ta leƙo ba, tana jin gurnanin yana nisa har ya ɓace.

Daga Ƙaura zuwa Zurmi kamar ƙiftawar ido. Iska ta hana su buɗe baki. Itatuwa suka zama zane ɗaya. Armiya'u na sa giya bayan giya, allurar maleji na hawa, kuma duk wanda ke bakin hanya sai dai ya juya ya ga jan abu ya wuce. Da suka ratsa Zurmi ya ɗan sassauta, Sanusi ya sa baki a kunnensa ya ce ai sun ci gardama, ko da tafiyar keke suka ƙarasa za su isa. Armiya'u ya ce so yake su isa kafin a fito masallaci. Ya sake murɗawa.

Gaba da Zurmi akwai wata kwana, dawa ta rufe ta hagu da dama. Bayan kwanar burtali ya ratsa kwalta. Direbobin hanyar sun san wurin, da kaka sukan rage gudu tun daga nesa, don makiyaya na kai shanu gonakin da aka girbe.

Suna karyo kwanar suka ga hanya ta cika da fararen shanu. Garke guda, ƙaho bayan ƙaho, wani dattijon makiyayi na tsakiya da sanda a kafaɗa. Shanun sun ji kururuwar injin, wasu suka ja baya, wasu suka yi gaba, suka cure wuri ɗaya.

Tazarar da ke tsakani ta isa babur irin wannan ya tsaya, in da faifansa biyu na aiki. Armiya'u ya taka birkin ƙafa da dukan ƙarfinsa. Tayar baya ta kafe ta fara jan kwalta. Hannunsa na dama, ba da shawararsa ba, ya damƙi mariƙin nan. Ya tafi salalo har roba.

Ya ji hannuwan Sanusi sun ƙara matse shi. Ya ji yana salati a bayan wuyansa.

A Gurbin Bore an fito masallaci, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan liman. Aka jira. Abokan ango na ta leƙen hanya suna kasa kunne, wasu na cewa yau dai Armiya'u ya sha kunya. Da jira ya yi tsawo, Malam Mahmuda ya ce kada a tsare mutane, ai aure ba sai da ango a wurin ba, ga wakili ga waliyyi ga shaidu. Aka nema, aka bayar, aka shafa fatiha, aka raba goro. A cikin gida mata suka yi wa Mardiyya barka.

Makiyayin nan, da shanunsa biyu a kwance, bai tsaya duba su ba. Ya tare wata a-kori-kura mai ɗauke da buhuna, aka kwantar da 'yan'uwan a kai aka juya Zurmi. Armiya'u ya karye a cinya da kafaɗa, amma idonsa biyu. Sanusi ne aka tsinto can cikin dawa. Dattijon ya ɗora kansa a cinyarsa har asibiti, yana ɗiga masa ruwa daga gorarsa.

Wani ɗan kabu-kabu ne ya kai labari Gurbin Bore, goro na bakin mutane.

Da Malam Mahmuda ya iso asibiti an riga an rufe Sanusi da mayafi. Ya buɗe fuskar, ya yi addu'a, ya mayar. Sannan ya nemi makiyayin, ya yi masa godiya, ya tambaye shi abu guda: yaushe rai ya fita? Dattijon ya ce yaron na numfashi duk tsawon hanya, ana kiran la'asar ya cika.

Malam ya sunkuyar da kai. Ya juya ga limamin Gurbin Bore da ya biyo shi, ya ce ashe da ran Sanusi aka ɗaura auren. Mardiyya matarsa ce. A gaya mata ta shiga takaba.

Haka yarinyar nan ta zauna zaman mijin da ba ta taɓa shiga ɗakinsa ba, lallen biki bai ko dushe a hannunta ba.

Masu zuwa gaida Armiya'u suka riƙa ba shi baki. Kowa na cewa ƙaddara ce, na'ura ba ta da amana, birki ne ya ƙi. Shi kuwa ya juya fuska bango. Shu'aibu bakanike ya zo sau ɗaya, ya tsaya bakin ƙofa, suka haɗa ido, ya juya ya koma.

Bayan an share makoki, Malam Mahmuda ya zo ya zauna a gefen gadon. Ya ce masa ya daina azabtar da kansa, ya ci abinci, abin da ya fi ƙarfin bawa ba a tambayarsa a kai. Wannan lallashi ne Armiya'u ya kasa ɗauka. Ya fashe da kuka, ya faɗa masa komai: faɗuwar bakin kasuwa, dariyar, garejin Shu'aibu, jakin hanyar Shinkafi.

Malam ya saurara har ƙarshe, carbi na tsaye a hannunsa. Da ya buɗe baki, muryarsa a ƙasa take.

"Shi Sanusi, ya san babu birki ya hau?"

"Ya taɓa ya ji, Baba. Ya tambaye ni."

"Mi kac ce mashi?"

"Na ce haka ƙirarshi take."

Tsohon bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya kai bakin ƙofa sannan ya tsaya.

"Ni na ji, kuma Allah ya riga ni ji. Amma uwarku na can tana hwaɗin laihinta na, da ba ta hana shi da ƙarhi ba. Ranar da ka tashi, kai za ka hwaɗa mata da bakinka. Ba ni ɗaukar maka wanga."

Da aka sallame shi, ya shiga gida da sanduna biyu. Balaraba na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar wake a faifai. Ya jingine sandunan, ya zame ƙasa a gabanta da ƙyar, ƙafar da ta karye a miƙe. Ta kawar da kai kamar yadda ta saba, ta ce a kawo wa wancan tabarma.

Ya ce, "Inna, bari tabarma. Magana ta gare ni, kuma ba ki da laihi ko kaɗan."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan.

Darasi: Kunyar koyo ƙarama ce, kwana biyu an manta da ita. Wanda ya ƙi jure dariyar mutane ya ɓoye aibin abin da ke hannunsa, ba kansa kaɗai yake jefawa a haɗari ba, har da wanda ya yarda da shi ya hau bayansa. In an ba ka amanar rai, faɗi gaskiya ko da za a yi maka dariya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu hawa babur da masu ɗaukar mutane, ko Allah ya sa wani ya gyara tun bai makara ba.